Ayabar da Yaya Talatu ta roƙa

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Talatu. A irin wannan lokaci muka kai ta makwancinta, damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, har sai da masu ɗauke da makara suka riƙa bin kan iyakar gonaki a hankali don kada a tattake wa mutane shuka. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Bagwai, inda gona take manne da gona, babu ko taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in ajiye. Bana dai na daure.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma a wurina uwa ce. Ina ƙaramin yaro mahaifiyarmu ta rasu, ita kuwa ba ta daɗe da aure ba, sai ta zo ta ɗauke ni ta kai ni gidan mijinta, Malam Garba, manomi, mutum marar yawan magana. Bai taɓa nuna mini bambanci da 'ya'yan da suka haifa daga baya ba. Ita ta sa ni makaranta. Da na fara gudu ina bin yara farautar ɓera a gonaki, ta kamo kunnena ta mai da ni aji, ta zauna a gindin darbejiyar makarantar da faifan tallarta har aka tashi. Haka ta yi ta yi sai da na haƙura. Na zama malamin firamare, na yi furfura, yaran da na koyar suka zama magidanta suna kirana Malam, amma a bakinta ban tashi daga Auta ba.

Sana'arta daddawa. Duk wanda ya zauna a yankinmu a wancan zamani ya sha miyar da aka kaɗa da daddawar Talatu, ko bai san ta ba. Takan sayi kalwa ta tara, ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe sai ta yi, sannan ta kirɓa ta shanya. Warin yakan cika gidan ya fita har zaure, mu da muka saba ba ma ji. Mace ce mai dariya da ƙarfi, mai faɗa maka laifinka a gaban idonka sannan ta zubo maka tuwo. In an yi haihuwa tana wurin, in an yi rashi sai ta ga an watse take tafiya. Dubiya kuwa ba a riga ta.

Ta haura hamsin da 'yan kai ciwon kai ya fara damunta, da jiri in ta sunkuya. A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu aka ɗaura mata abin awo a damtse, aka ce hawan jini ne. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ba ta ƙwayoyi, ta ce ta rage gishiri, ta yawaita 'ya'yan itace, musamman ayaba, domin akwai wani sinadari a cikinta mai suna fotasiyam da yake taimaka wa mai hawan jini. Haka ma muka ji a rediyo. Ina so mai karatu ya fahimce ni tun a nan: matar nan ba ƙarya ta yi ba, kuma ba ta cuce mu ba. Ga mutumin da ƙodarsa take aiki, shawara ce ta gaskiya. Abin da babu a asibitin shi ne hanyar da za a gane ko ƙodar tana aiki. Awon damtse kaɗai suke da shi.

Yaya ta riƙi ayaba da gaske, kamar yadda take riƙon komai. Dama haƙoranta sun fara zubewa, abu mai laushi ya fi mata sauƙi. Ɗanta na fari, Nasiru, yana aiki a birni, yana zaune a Rijiyar Zaki, kuma ba ya shigowa gida sai da nonon ayaba a hannu. Ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari. Mutumin birni take ce masa. Ba ta yi masa godiya a gaban mutane, amma in ya tafi sai ta rataye ayabar a inda duk mai shigowa ɗakin zai gani. Safe da yamma tana ci, shekara da shekaru. Ƙwayoyin asibiti kuwa wani lokaci a samu, wani lokaci su ƙare a daɗe ba a sayo ba. Ga ciwon baya na mai yawan daka, wanda take kashewa da 'yan ƙwayoyin masu talla a kasuwa, kamar yadda kusan kowace mace a ƙauyenmu take yi.

Ciwon ƙoda a ɓoye yake shiga. Abin da muka fara gani shi ne silifas ɗinta sun daina shiga ƙafarta. Sai fuska ta riƙa kumbura da safe, sai ƙaiƙayin jiki, sai tashin zuciya ko ƙamshin miya ta ji. Fitsari ya ragu, amma wannan ba maganar da za ta yi da ƙaninta ko mijinta ba ce. 'Yarta Rabi kaɗai ta faɗa wa, ita ma bayan an daɗe. Wasu suka ce ciwon shawara ne, wasu suka ce sanyi, aka yi ta kawo jiƙe-jiƙe da saiwoyi. Da abinci ya ƙi karɓuwa, sai ayaba ta zama kusan ita ce duk cimarta, mu kuma muna murna akwai abin da yake shiga cikinta.

Wata rana da hantsi tana zaune tana wankin kalwa, ta yunƙura za ta tashi ƙafafu suka ƙi. Ta ce wa Rabi ƙirjinta yana bugawa yana tsayawa. Aka nemo mota aka kai ta Bici, daga can suka ce mu wuce birni.

Likitan da ya karɓe mu a babban asibiti matashi ne, idonsa duk gajiya, amma ya ba mu lokaci. Bayan an ɗebi jini sakamako ya fito, ya kira ni da Nasiru gefe, ya ce ƙodojin biyu sun kusa daina aiki gaba ɗaya, kuma ba yau abin ya fara ba. Ya tambayi me take ci. Nasiru ya yi saurin cewa ba a bar ta da yunwa ba, kullum tana cin ayaba, shi da kansa yake kawowa.

Likitan ya ce, "Daga yau kada ta sake ci. Ba ayaba ce ta lalata mata ƙoda ba, ku cire wannan a ranku. Hawan jinin da ya daɗe ne, wataƙila da ƙwayoyin ciwon jiki. Amma ƙoda ita ce take fitar da fotasiyam ɗin da ya yi wa jiki yawa, ta fitsari. In ta gaza sai ya taru a jini, in ya taru kuma zuciya yake taɓawa. Shi ne ya kayar da ita yau. Yana iya tsayar da zuciyar mutum yana zaune."

Na kalli Nasiru na ga fuskarsa ta canja. Likitan ya sake faɗa masa cewa ba laifinsa ba ne. Kunnensa ya ji, zuciyarsa ba ta karɓa ba.

Kowa ya san abin da ake riƙowa in za a je dubiya: ayaba da lemo, in da hali a haɗa da kankana. Yaya kuwa ta yi wa rabin yankin dubiya, don haka suka yi ta zuwa rama mata, mata da lulluɓinsu, kowace da 'yar ledarta. Wasu na san sai da suka sayar da kaza kafin su iya zuwa. Ƙarƙashin gadonta ya cika da abin da aka hana ta. Ba ta yarda a faɗa wa mai dubiya ba. Takan karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta tambayi yara da awaki, in sun tafi ta ce Rabi ta zaga ta raba wa masu jinya a sauran ɗakuna. Ƙamshin kuwa yana nan tare da ita yini guda.

Wata rana na same ta tana kallon ledojin. Ta ce, "Auta, kai da ka yi boko, faɗa mini. Shekara da shekaru ana ce mini magani ce, yau an ce guba ce. Ita ce ta canja ko ni?"

Na ce, "Ƙodar ce ta gaji, Yaya."

Ta ce, "To ai ta yi ƙoƙari. Ni ma na gaji ban faɗa ba."

Ba ayaba kaɗai aka hana ta ba. Lemo da dabino da dankali an ce ta bari, tumatir da alayyafo da zogale ta rage ƙwarai, wake da gyaɗa sai ɗan kaɗan. Ganye in za a sa a miya sai an tafasa an zubar da ruwan farko. Gishiri kamar babu. Daddawarta ma an ce a yi hankali da ita. Ruwan sha da ɗan kofi ake auna mata. Wato duk abin da talaka yake samu a bayan gidansa ya gyara tuwonsa, shi aka cire, ta koma farar shinkafa da miyar da ba ta da suna. Azumi ya same ta a haka. Ba ta iya yi ba, abin da bai taɓa faruwa da ita ba tun tana yarinya, kuma in an sha ruwa takan ce a kai dabinon waje a ci.

Aka fara wankin ƙoda, sau biyu a mako. Ta tare a gidan Nasiru a Rijiyar Zaki, Rabi ta baro gidanta ta zo jinya. Shekarun nan ne da kaya suka fara tashi ba sa saukowa, mai yana wuya, albashi yana makara. A lokacin muna cewa ba a taɓa ganin irin wannan tsanani ba. Injinan wankin 'yan kaɗan ne, masu jira da yawa, wani lokaci a yini a kan benci a ce a dawo gobe. In an yi mata takan dawo a galabaice, ta ɗan samu sauƙi, sai kumburi ya dawo. Wankin ba ya warkarwa. Jinkiri ake saye da shi, kuma kowane mako sai an sake saye.

Awakinta suka fara tafiya, sai shanun noman Malam Garba. Nasiru ya sayar da babur ɗinsa, ya sayar da filin da ya ci burin ginawa. Ni ma na kawo abin da malamin firamare zai iya kawowa. Sau biyu ya koma sau ɗaya, sau ɗaya ya koma sai an samu. Daga nan aka fara maganar gonar bayan gida, wadda ita ce take ciyar da gidan da jikoki. A wajenmu in ka sayar da gona ka rabu da noma ke nan, babu dajin da za ka je ka sari wata.

Mun yi maganar a tsakar gidan Nasiru muna rage murya, ashe tana ji. Ta aiko Rabi ta kira mu, ni da Malam Garba da Nasiru. Ba ta kalli ɗanta ba, ni ta kalla.

"Auta, in an sayar da gonar zan warke?"

Na ce sai abin da Allah ya yi.

"Wannan na sani. Likita nake tambaya, me ya ce?"

Muka kalli juna.

Ta ce, "To ku mai da ni ɗakina. Ba zan cinye abincin jikokina in kuma mutu ba."

Nasiru ya durƙusa ya yi ta roƙo: "Inna, ki ƙara mini lokaci, akwai inda nake nema." Ta juya fuska ga bango. Malam Garba ya ce, "A yi yadda ta ce." Iyakar maganarsa ke nan.

Da ta koma gida, abu ɗaya ya rage a hannun Nasiru, dokar abinci, ya kuwa riƙe ta da iyakar ƙarfinsa. A ganinsa in aka kiyaye za ta kai lokacin da zai samo taimako a mai da ita kan inji. Ya shiga ofisoshi, ya je gidajen masu hali, ya sha alƙawari. Duk ƙarshen mako yana gida, yana buɗe tukunya, yana tambayar Rabi me aka ba ta. Ledojin masu dubiya a zaure ake tsayar da su. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yau ma ban gani ba. Ɗa ne da ba ya so ya rasa uwarsa.

Ita kuwa kullum jikin ƙara lalacewa yake. Abinci ya daina shiga, wuya da kafaɗu sun rame, ƙafafu sun kumbura suna sheƙi. A cikin wannan hali ne ta fara roƙon ayaba, matar da ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba. Ta roƙi Rabi, Rabi ta fita tana kuka. Ta roƙe ni, na ce ta bari mutumin birni ya zo a tambaye shi. Da ya zo, ta yi abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife shi: ta kira sunansa.

"Nasiru, ko guda ɗaya."

Ya riƙe hannunta, hawaye yana zuba, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. In kin samu sauƙi ni zan kawo miki da kaina."

Ta ce, "To." Ba mu sake jin maganar a bakinta ba.

Bayan 'yan kwanaki, Malam Garba, wanda ya daɗe ba ya zuwa ko'ina sai masallaci da gona, ya ɗauki kekensa ya nufi kasuwa. Ya dawo bayan azahar, ya aiki Rabi maƙwabta, ya shiga ɗakin ya saki labule. Washegari da hantsi Yaya ta cika, kanta a kan cinyar Rabi, kalmar shahada a bakinta.

Bayan an fita da gawa mata suna gyara ɗakin, sai suka ga ɓawon ayaba a ƙarƙashin tabarma. Magana ba ta ɓuya a gidan makoki. Da la'asar, da mutane suka ragu a ƙofar gida, Nasiru ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, wa ya ba ta.

Malam Garba yana jan carbi, bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ne."

Nasiru ya zauna har aka yi addu'ar uku, ya koma birni. Ina so a yi masa adalci: bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Hatsi bai yanke ba, magani bai yanke ba, kowace Sallah yana zuwa da ɗinki ya durƙusa ya gaishe shi. Amma ba ya zama, ba ya cin abincin gidan, gaisuwar ba ta wuce ina gajiya ina aiki. Dattijon kuma bai taɓa neman ya yi bayani ba. Haka suka zauna kusan shekara bakwai.

Na yi ɗan abin da zan iya. Na koma asibiti na nemi likitan nan na ba shi labari. Ya ce babu mai iya rantsuwa a kai, amma mutumin da ya daɗe haka ba a yi masa wanki ba, da ayaba da babu ayaba kwanakinsa sun riga sun ƙarato. Na kai wa Nasiru wannan magana ina tsammanin za ta sanyaya masa zuciya. Ya ce, "Kawu, ai kwanakin nan nake nema. Ko biyu ne ina so."

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da za ta leƙo ta ga yau. Tsananin da muka yi kuka da shi a lokacin jinyarta, yanzu shi muke kira zamanin sauƙi. Masu dubiya da yawa sun daina riƙo leda. Haka nan suke zuwa, su yi addu'a su tafi, wasu ma kuɗin mota ya hana su zuwa. Ina jin da dariya za ta yi ta ce an huta da rabon ayaba a asibiti. Itatuwan ɗorawar da take sayen kalwarsu an sare da yawa an yi gawayi. Rabi ta gwada sana'ar ta bari, ba ta fitar da ko kuɗin itace. Gonar da ta zaɓi mutuwa a kan a sayar, an yanki rabinta an sayar wa wani ɗan kasuwa shekara uku bayan rasuwarta, lokacin da mijin Rabi ya kwanta. Shi ma ƙoda ce. Shi ma bai tashi ba.

Abin da zai fi tayar mata da hankali, ina ji, shi ne yawan masu ciwon. A lokacinta in ka ce wankin ƙoda a ƙauyenmu sai ka yi wa mutum bayani. Yau babu gidan da bai san kalmar ba. Ni ba likita ba ne, ba ni da lissafi, abin da idona ya gani nake faɗa: tsofaffi, da magidanta masu ƙarfi a jika, har da wani da na koyar a aji uku, wanda na je na duba na same shi a kan bencin da muka saba zama. Da yawa yanzu ba sa ma zuwa. In ƙafa ta kumbura, iyali sukan kalli juna su kalli rumbu, a shimfiɗa wa mutum tabarma a ɗaka a jira. Ƙaramin asibitinmu an yi masa fenti, amma awon damtse ne dai har yanzu. Masu tallan ƙwayoyi sun ƙaru, yanzu har da lasifika. A waya kuma kullum sai an turo maka wani yana rantsuwa cewa abu kaza yana wanke ƙoda, ka ci ayaba kaza a rana, ka sha jiƙon kaza, ba ruwansa da wanda yake saurare.

In akwai abin da zan roƙi mai karatu, kaɗan ne. Tsohon da ƙodarsa take lafiya ya ci ayabarsa, alheri ce gare shi. Amma in kana da tsoho mai hawan jini ko ciwon suga da ya daɗe, ka nemi a auna masa jini da fitsari a ga halin ƙodar tun ƙafa ba ta kumbura ba. In za ka je duba mai ciwon ƙoda, ka tambayi masu jinya kafin ka sayi komai. Na rubuta wannan ina sane da cewa matan da suka fi bukatarsa ba sa karanta jarida, kuma mazan da za su kai su awon, abin da za a ɗora a murhu yau ya sha musu kai.

Bara da rani Malam Garba ya kwanta. Tsufa ne kawai, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Nakan je in zauna da shi a zaure bayan la'asar. Wata rana, ban tambaye shi ba, ya fara magana kamar mai ci gaba da hirar jiya.

Ya ce ranar da ya je kasuwar nan ayaba guda ɗaya ya saya, ya zaɓi wadda ta nuna sosai. Ya ɓare mata, hannunta ba ya iya riƙewa, shi ya kai mata baki. Ta gutsura sau ɗaya, ɗan kaɗan, ta daɗe tana juya shi a baki. Sannan ta girgiza kai ta ce, "Malam, ba na jin komai. Kamar ƙarfe nake tauna." Ta tofar a tafin hannunsa. Ta ce ya cinye sauran kada yaran su gani, ya zauna kusa da ita ya cinye tana kallonsa. Ta tambaye shi, da zaƙi? Ya ce da zaƙi. Ta ce alhamdu lillahi.

Na ce, "Malam, ashe ko haɗiyewa ba ta yi ba. Me ya hana ka faɗa wa Nasiru duk tsawon shekarun nan?"

Ya ce, "Ba nawa ta ci ya tambaye ni ba, wa ya ba ta ya tambaya. Kuma da ta iya ci, duka zan ba ta, in ta nemi wata in koma in sayo. Da wannan niyya na fita. To da me zan kare kaina?"

Na roƙe shi ya bar ni in kai maganar. Ya ce sai bayan ransa, ba ya so yaron ya zo ya zauna a gabansa yana jin kunya. Bai kai damina ba ya rasu.

Nasiru ya zo, shi ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa. Bayan addu'ar uku na ja shi muka zauna a gindin kukar bakin gona, na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Ya yi kuka, kuka mai tsawo, na bar shi. Na ɗauka maganar mahaifinsa zai yi in ya ɗago. Abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Kawu, ranar da ta roƙe ni, ranar da ta kira sunana, wataƙila a lokacin bakinta yana ji."

Na je ne in sauke masa kaya ɗaya, sai na ɗora masa wani.

In na auna abin da ya rage na Yaya Talatu a duniya, ba shi da yawa, kuma ba zan ƙawata shi ba. Ɗakinta ya zama wurin ajiyar taki da kayan noma. Ƙananan jikokinta ba su san fuskarta ba, domin ba ta yarda da hoto. Akwai 'yar Nasiru da aka sa wa sunanta, ana ce mata Ummi, in ta yi dariya nakan waiwaya. Tsofaffin mata in sun gan ni a hanya har yanzu sukan tsaya su ce Allah ya ji ƙan Talatu, ita ta zauna da ni ranar da na rasa wane. Su ma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Alherin da ta yi yana wurin da ba ya ɓata, wannan na yi imani da shi. Abin da ya kashe ta kuwa yana nan tare da mu, ya ƙara ƙarfi.

A watan jiya Nasiru ya zo gaishe ni. Ya yi furfura, ya kai shekarun da ciwon kai ya fara damun mahaifiyarsa. A cikin hira ya ce an faɗa masa jininsa ya hau. Na ce maza ya je a auna masa ƙoda, shi da ya fi kowa sanin hanyar asibitin. Ya yi murmushi ya ce, "In an auna aka gani, Kawu, sai me? Me ya rage da za a sayar?"

Na raka shi bakin titi, muka tsaya har mota ta zo, ban ba shi amsa ba. Har yanzu da nake wannan rubutu ban samo ta ba.

Allah ya ji ƙan Yaya Talatu, ya ji ƙan Malam Garba, ya haɗa su a inda babu ciwo. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.